Giyar da Aka Ce Ba Ta Shiri da Kifi

A duk faɗin ƙasar Sifen jar giya ɗaya ce ta san abin da take so, kuma a garinmu Peñalvilla ake yin ta. Ba ta shiri da naman sa, ba ta shiri da kaza, cuku kuwa ko kallonsa ba ta yi. Abokin zamanta ɗaya ne tak, awazun ɗan rago mai shan nono, wanda aka gasa a kan garwashin ƙiraren itacen inabin da ya haifi ita giyar kanta. Wanda ya sha ta da wani abu dabam bai sha ta ba, ya dai jiƙa maƙogwaro.

Eutimio ne mai wannan magana. Ranar Laraba ya fara faɗinta a shagon Fermín mahauci, kafin Juma'a ta zama abin da kakanninmu suka sani tun fil azal.

Shi Eutimio bai taɓa yin giyar sayarwa ba. Duk rayuwarsa inabi yake nomawa, in kaka ta yi ya loda a tarakta ya kai ƙungiyar manoma, a juye nasa cikin na kowa. 'Yarsa Araceli ce ta yi giyar. Ta karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ta samu aiki a wani kamfanin madara a Zaragoza, inda take wuni cikin farar riga tana auna maiƙon nonon shanun da ba ta taɓa gani ba. Rana ɗaya ta ɗauki dogon hutu ba albashi, ta dawo gida ta roƙi ubanta gonar kan tudu, wadda kakanta ya dasa da tsohon irin inabin nan da muke kira garnacha. Gonar duk duwatsu ce, tarakta ba ta hawa. Eutimio ya ce ta ɗauka, dama awaki da 'yan jami'a ne kaɗai ke son wurin. Tun daga ranar bai ƙara taka gonar ba, kuma duk wanda ya tambaye shi labarin giyar sai ya ce, wai maganin tarin Araceli ake nufi?

To hutun nan ya zo ƙarshe. Kamfani ya ce kafin watan nan na Yuni ya fita ta faɗa musu ko za ta dawo ko su ba wani kujerarta. Ita kuma ta riga ta yanke wa kanta shawara, kuma duk gari ya sani, don a Peñalvilla ba a yanke shawara a ɓoye. In gidan abinci ɗaya mai suna ya karɓi giyarta, ta ajiye aikin madara ta zauna a gida. In ba haka ba, inabin tudu ya koma ƙungiya, ita ta koma farar rigarta.

Cikin masu gidajen abincin da ta rubuta wa, mutum ɗaya ce ta amsa mata. Sunanta Itziar, tana da gidan abinci a bakin teku kusa da Bilbao, irin wanda sai mutum ya kama kujera da watanni kafin ya ci. Kifi kawai take dafawa. Baƙinta sun dame ta da neman jar giya, ita kuma duk wadda ta gwada sai ta danne mata kifi, shi ya sa take yawon neman wadda ba ta da nauyin hannu. Ba ta sayen giya sai ta ga gona ta ga mai gona. Ta ce za ta biyo ranar Asabar da rana.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandaren garin da ke kusa da mu, kuma maƙwabcin su Araceli, don haka na ɗanɗana giyar tun tana cikin ganga. Ja ce mai haske, in ka ɗaga kofi kana hango yatsanka ta ciki. Da farko tsamin rumman ke taɓa harshe, sai wani ɗan bauri ya biyo baya, wanda ba ya kama baki ya riƙe kamar na giyoyin da muka saba, yana dai share maiƙo ya wuce. Bayan ka haɗiye sai ƙamshin ciyawar tudun nan ya taso, irin wanda ake ji in ruwa ya sauka a kan duwatsu masu zafi. Da ɗan sanyinta ta fi daɗi. Araceli ta yi hunturu guda tana gwada ta da kifi iri-iri, gasasshe da dafaffe, har kuliyoyin layinmu suka koma raka ta shago. Wanda ya fi dacewa shi ne busasshen kifin nan mai gishiri da muke jiƙawa mu dafa da jan tattasai da tumatir a kaskon ƙasa.

Ranar da Eutimio ya ji cewa mace mai fitowa a jarida za ta zo takanas saboda 'yarsa, ya sauka ɗakin ajiyar giyarta ya buɗe kwalba. Ba wanda ya san abin da ya faru a ciki. Ya dai fito fuska jajir, ya wuce kai tsaye shagon Fermín, a nan aka haifi maganar da na fara da ita.

Muna da ƙungiyar abokai, mu goma sha wani abu, da kogon giya da aka haƙa a gindin tudu tun zamanin kakanni, da rumfa da dogon tebur a bakinsa. Dokokinmu biyu ne. Abin da aka dafa a tukunya a gida ba ya shiga rumfar nan, sai abin da wuta ta gasa a gaban kowa. Na biyu, wanda ke riƙe da wuta shi ke riƙe da magana. Eutimio ya ce wutar Asabar tasa ce, ba wanda ya ja.

Ban taɓa ganin Peñalvilla cikin ɗoki irin na waɗannan kwanaki ba, har da shekarar da aka kawo mana kwalta. Ƙiraren da aka sassabe daga gonar tudu a hunturu suna nan a tare a bakin gona, Araceli ta ajiye su don ta niƙa ta yi taki. Tsofaffin da likita ya hana hawa bene suka hau tudu suka ɗaure su dami-dami, suka sauko da su a kafaɗa suna waƙa. Saturio, wanda gonarsa ke jikin ta su Araceli, ya ce yana da busassun damma a bayan gida, a ɗauka kyauta. Eutimio ya dube shi kamar ya ce a zuba wa giyar ruwa, ya tambaye shi ko shi zai yarda a yi bikin 'yarsa da angon maƙwabta. Fermín ya yi tafiya har ƙauye uku yana neman ɗan ragon da uwarsa ta yi kiwo a ƙarƙashin tudunmu, ya dawo da guda biyu da rantsuwar makiyayi. Mai gari ya sa aka share hanya. Mai busa ƙaho a ƙungiyar kiɗa ya nemi a ba shi dama, aka ce ya zo da ƙahon amma ya bar shi a jaka. Ni aka ce in kawo hujjar tarihi. Na ce Rumawa sun taɓa zama a nan, abin da yake gaskiya game da kowane ƙauye a Sifen, aka yi ta jinjina mini.

Ranar Juma'a da yamma ina ban ruwan tumatirina na ji Araceli da ubanta ta kan katanga.

"Baba, matar nan fa kifi take sayarwa."

"Shi ya sa, 'yata. Baiwar Allah ta shekara ashirin tana cin kifi, ai tausayinta ya kamata a ji."

Araceli ta yi ta bayani a hankali, irin na wadda ta saba da taron ofis. Ta ce ba ta hana su gasa namansu ba, amma a bar baƙuwar ta fara zuwa ɗakin ajiya ta ɗanɗana da baki mai tsabta, ta ci loma biyu na kifi, sannan a kai musu ita su yi yadda suke so da ita. Eutimio ya ce to, to, ai hakan ma ya yi. A garinmu in tsoho ya ce "to" sau biyu, ya gama jin ka ne tun kafin ka fara.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Araceli ta jiƙa kifinta, ta dafa, ta jera kofuna masu dogon wuya a ɗakin ajiya, ta sa kwalabe a ruwan sanyi, ta tsaya a ƙofa tana jira. Abin da ba ta sani ba shi ne an girke Saturio a gidan man da ke mashigar gari tun da safe, da jar hularsa ta biki. Duk motar da ba ta garinmu ba sai ya tare ta. Ya tare mai kawo burodi, ya tare wasu Jamusawa da suka ɓata hanya, a karo na uku ya dace. Ya shige gaba a babur ɗinsa yana ɗaga hannu, ya kawo ta har bakin kogo.

Itziar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, da takalmin gudu da hannuwa masu tabon wuƙa. Ta fito ta tambaya ina Araceli. Aka ce tana nan tafe, aka zaunar da ita a bakin tebur, Eutimio ya ƙyasta ashana.

Wutar ƙiraren inabi ba ta da haƙuri. Dami uku suka kama gaba ɗaya, harshen wuta ya wuce rufin rumfa, kowa ya ja baya yana dariya yana kare gira. Kafin a gama dariyar ta faɗi ta zama garwashi ja mai laushi, wanda ba ya daɗewa, shi ya sa mai gashi ba ya waige. Eutimio ya ɗora ragar ƙarfe cike da awazu ƙanana, kowanne bai fi tafin hannun yaro ba, ya watsa gishiri daga sama. Kitse ya fara ɗiga, hayaƙi mai ɗan zaƙi ya cika rumfa. Fermín ya miƙa wa baƙuwa butar gilashin nan mai siririn baki da muke shan giya da ita daga nesa, ana jiran a ga ta ɓata riga. Ta ɗaga ta tsiyaya, ta miƙe hannu har ƙarshe, ta katse ba ɗigo ko ɗaya. Rumfa ta ɗauki tafi. Saturio ya ce da ya san haka matan bakin teku suke, da bai yi gaggawar aure ba. Ta ce masa matarsa ma wataƙila haka take faɗi game da mazan bakin teku. Daga nan ta zama tamu.

Ba zan yi wa namanmu ƙarya ba. Gefensa ya ƙone kaɗan ya yi ƙus-ƙus, cikinsa ruwa-ruwa, ana ci da hannu ana ƙona yatsu, ga gasasshen tattasai da tafarnuwa, ga burodi ana dangwalar maiƙo. Giyar kuma ta zauna da shi daram. Tsaminta ya yanke kitsen, ƙamshin ciyawarta ya haɗu da na hayaƙin, kowace loma ta zama kamar ta farko. Itziar ta nemi kofi aka ba ta, ta shinshina, ta kurɓa. Bakinta dai ya riga ya sha hayaƙi da tafarnuwa, amma na ga girarta ta ɗaga.

Ana cikin haka Araceli ta iso, da kaskon ƙasa rufe da ƙyalle a hannunta, tana haki. Wani ya gaya mata inda baƙuwarta take. Fermín ya tare ƙofar rumfa da cikinsa, wanda ya ishi aikin.

"'Yar gidana, kin san doka. Ke ki shigo, kaskonki ya jira ki a waje."

"Kawu Fermín, yau ɗaya dai."

"Yau ɗaya ta sa matar Saturio ta shigo da miya shekarar da aka yi ƙanƙara, kin ga abin da ya biyo baya."

Aka yi dariya. Araceli ta ajiye kaskon a kan katanga a inuwar ɓaure, ta shigo ta gaisa da Itziar. Itziar ta riƙe hannunta ta ce giyar nan da hankali aka yi ta, sannan ta tambaya mene ne a kaskon. Kafin Araceli ta buɗe baki Eutimio ya daki ragar gashi da cokali. Mai wuta zai yi magana.

Ya faɗi maganar nan tasa daga farko har ƙarshe, da ƙari. Ya ce itacen inabi na ba da 'ya'yansa a kaka, ya ba da ƙirarensa a hunturu, kuma su biyun sai a kan tebur suke sake haɗuwa, duk wanda ya raba su ya raba uwa da ɗa. Itziar ta tambaya a natse, to kifi fa? Sai aka shiga ba da shaida. Saturio ya ce ya taɓa shan ta da gasasshen kifi, ji ya yi kamar yana lasar makulli. Fermín ya ce kifi kashe ta yake yi nan take, kuma ba don shi mahauci ba ne yake faɗi. Mai ƙaho ya ce shi kwana ya yi da ciwon kai. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa sa giyar nan a baki kafin Laraba, amma kowa ya yi magana da murya irin ta wanda ya sha wuya. Aka juyo kaina, na ce Rumawa ma ba a samu labarin sun sha ta da kifi ba.

Sai muryar Eutimio ta canja. Ya ajiye cokalin, ya goge hannu a gaban riga.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya komai ba sai loda tarakta. Shekara arba'in ina kai inabin ubana ana juyewa cikin na kowa, ban taɓa sanin yadda gonarsa take a baki ba. Yarinyar nan ce ta ɗanɗana mini. Na ce mata maganin tari take yi." Ya nuna ta da hannu. "Ga ta nan. 'Yata ce ta yi."

Fermín ya share ido yana zagin hayaƙi. Araceli ta sunkuyar da kai. Tun da ta dawo gida, wannan ne karo na farko da ya yabi aikinta, kuma a gaban abokansa ya yi.

Itziar ta juya kujerarta ta fuskance ta. Ta ce ta ji manya, amma wadda ta yi giyar take so ta ji. Ita kifi take dafawa, ba ta da komai sai kifi. Gaskiya ne giyar nan ba ta shiri da shi?

Kaskon na kan katanga, ana hango shi daga inda muke zaune. Araceli ta dube shi. Ta dubi ubanta, wanda ke tsaye a bakin garwashi fuska duk toka, yana murmushi yana jiran 'yarsa ta tabbatar wa duniya abin da ya faɗa.

"Baba ya fi ni sanin gonar," in ji ta.

Itziar ba ta ɗauke ido daga kanta ba. "Kin tabbata, ƙanwata? Na yi tafiya mai nisa."

"Na tabbata."

Aka buga tebur, aka ɗaga buta, mai ƙaho ya fito da ƙahonsa ba wanda ya hana shi. Da hayaniya ta lafa Itziar ta miƙe ta yi godiya. Ta ce ta daɗe ba ta ci abin da ya kai wannan daɗi ba, kuma giyar nan tana cikin mafi kyau da ta sha a bana. Ta ce sun gamsar da ita sarai. Tunda ba ta da rago a kicin ɗinta, ba ta kuma da ƙiraren tudun nan, zalunci ne ta kai giya irin wannan inda za a kashe ta. Za ta ci gaba da nema a wani wuri. Amma tana roƙon a sayar mata da kwali ɗaya na shan gida, da dami ɗaya na ƙirare in ba za a ji nauyi ba, don ranar haihuwar mijinta na tafe.

Abin da ya shiga kunnen rumfa shi ne "mafi kyau a bana". Eutimio ya rantse ba za ta biya ko kwabo ba. Aka ɗaure mata dami biyu a kan mota, Saturio ya raka ta da babur har gidan mai, sauran suka bi a ƙafa har kwanar coci suna ɗaga hula. Suka dawo suna maimaita maganarta, kowane maimaici tana ƙara girma. Kafin su zauna ta zama mafi kyau a Sifen, kafin a hura wuta ta biyu an ce matar har kuka ta yi.

Na fito shan iska na tarar da Araceli zaune a kan katanga a gindin ɓaure, ta buɗe kaskonta, da rabin kwalba a gefe. Ta miƙo mini burodi da kofi. Kifin ya huce, tattasan ya saki zaƙinsa cikin mai. Na ci loma, na kurɓa. Giyar ba ta danne shi ba, ta bi gishirin a hankali ta ɗaga zaƙin tattasan, ta share bakin ta bar shi yana son wata lomar. Na ce mata ai kamar don juna aka yi su.

"Na sani, Malam," in ji ta.

Ta goge yatsu da ƙyallen, ta ciro waya, ta ɗan matsa gefe. Ina jin ta tana ba shugabarta ta Zaragoza haƙurin kira ranar Asabar. Ta ce za ta shigo ranar ɗaya ga wata, ta tambaya ko farar rigarta na nan a inda ta rataye ta ko sai ta nemi sabuwa. Daga cikin rumfa muryar Eutimio ta taso, cike da farin ciki, yana cewa ina mai giya, a kawo wa jama'a wata kwalbar.

Ta rufe wayar, ta mayar da ƙyalle kan kaskon.

"Ina zuwa, Baba."